Kalmomi Goma Sha Biyun Mai Ƙwai

"Kai ka buɗe musu ƙofa, Akawu. Da yatsanka, ina tsaye a kanka."

Mai Ƙwai ce ta faɗi haka a bakin shagon ƙanenta, ko sallama babu. Mutum biyun da ke jiran a buga musu takarda suka gyara zama. Akawu ya ɗago daga kan kwamfuta ya ce, "Yaya, shigo mana ki zauna."

Ba ta zauna ba. Tun jiya zama ya gagare ta. Ta je kasuwa ta buɗe rumfa, ta rufe, ta koma gida, ta sake fitowa da takalmi wari da wari, ba ta ma lura ba, don idonta na hagu yanar ido ta rufe shi, na daman ma ya soma hazo. Ran Alhamis likita ya sa za a kankare mata. Kuɗin aikin kuwa 'yarta, da ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta tara mata a waya, irin kuɗin nan na intanet da ake ce wa kirifto. Da za ta tafi sai ta karanta mata wasu kalmomi goma sha biyu na Turanci, ta ce, "Mama, su ne mabuɗin. Ko ni na kira na tambaya, kar ki faɗa." Mai Ƙwai ba ta san bihim ba a takarda, amma kanta ba ya yoyo. Ta haddace su tas, tana bitarsu in tana jera ƙwai a kiret.

Shekaranjiya saƙon imel ya shigo. Ta kawo wa Akawu, kamar yadda take kawo masa duk wani rubutu shekara talatin. Ya saka tabarau ya karanta: wai an ga ɓarayi na taɓa asusun, in ba a tabbatar da kalmomin kafin la'asar ba za a rufe shi har abada.

"Me na ce maka a lokacin?" ta tambaya yanzu, tana kai da komo tsakanin ƙofa da injin hoto. "Faɗa wa bayin Allahn nan."

"Yaya, ana aiki."

"Na ce saƙon ya ambaci sunana? Ka ce a'a, 'abokin hulɗa mai daraja' ya ce. Na ce wanda ke riƙe da dukiyata bai san sunana ba? Na ce saurin me yake yi? Ni a kasuwa duk dillalin da ya ce in saya yanzu-yanzu mota za ta tashi, na san baragurbi ne a ƙasan kiret. Na ce a kira yarinyar nan. Ka ce tana bakin aiki, kar a dame ta."

Ɗaya daga masu jira, wani dattijo mai takardar fili a hannu, ya ce, "To shi me ya gani?"

"Tambari," in ji ta. "Wai tambarin kamfanin ne sak. Kuma wai Turancin ya tsaru, ɓarawo ba ya irin wannan Turanci. Kai da ke buga wa mutane katin biki, tambari nawa ka kwafa a injin nan tun safe?"

Dattijon ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Akawu ya cire tabarau. "Ai ke kika faɗi kalmomin. Ni bugawa kawai na yi."

Nan ne fa ya taɓo inda ke mata ciwo. Gaskiya ne, bakinta ya faɗa. Sau uku tana cewa a'a, sai ya ce, "Yaya, wannan harkar masu karatu ce, ba cinikin ƙwai ba." Ita da ta biya masa kuɗin makaranta da cinikin ƙwan, sai ta ji kunyar jahilcinta. Ya danna shuɗin rubutun da ke cikin saƙon, wani shafi ya buɗe da gurbi goma sha biyu, tana faɗa yana cikewa, har yana gyara mata lafazi. Washegari aka duba asusun, babu ko sisi.

Ta zaro wayar daga ɗaurin zani ta dangwara masa a tebur. "Kira 'yata. Buɗe muryar kowa ya ji."

Ya kira. Muryar 'yar ta fito a dushe. "Kawu, ka duba adireshin da saƙon ya fito?"

"Sunan kamfanin ne a sama."

"Suna kowa na iya rubutawa. Danna shi ka ga abin da ke ƙasa."

Ya danna. Wasu haruffa ne da lambobi barkatai, ba su haɗa komai da kamfanin ba.

"Kamfanin gaskiya ba ya tambayar kalmomin nan, Kawu. Kuma abin da ya fita ta hanyar nan ba ya dawowa. Jiya ka ce mini Mama ce ta danna da kanta."

Mai Ƙwai ta tsaya cak, karon farko tun jiya. "Ni? Ni da ko fuskarka ba na gani sosai?"

"Yaya, a bar shi a ƙaddara. Mu yi magana a gida."

"A gida ka saba rufe mini baki. A nan za a yi." Ta janyo kujerar masu jira ta tare ƙofa da ita, amma ba ta hau ba. "Ɗauki takarda. Ka rubuta wa 'yan sanda yadda aka yi, ka sa cewa na ƙi sau uku, ka sa sunanka a ƙasa. Dattijo, kai za ka karanta mini in ji ko ya rage wani abu. Ɓarawon ban san inda yake ba, su nemo shi. Kai kuwa ga ka ga ni. Jibi likita na jirana, kuma ba zan makance saboda Turancin wani ya burge ka ba. Faɗa mini yanzu, a gaban mutanen nan: wa zai tsaya wa idona?"