Gungume da Mujiya

A kulob ɗin masu gudun dogon zango babu mai kiransa da sunansa na yanka, Gungume kowa yake ce masa. Ba jiki ne ya jawo masa sunan ba, domin siriri ne, iska mai ƙarfi ma sai ta yi tunanin ɗaukarsa. Barci ne. Ranar jajibirin tsere sauran 'yan gudu kan yi ta juyi a kan katifa, wannan ya tashi shan ruwa, wancan ya leƙa agogo, shi kuwa da ya ajiye kai shi ke nan, sai an yi da gaske kafin a tashe shi. Washegari ya fito da ƙafafu sababbi ya wuce yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba.

Yana da bakin alfahari, Allah ya yafe masa. Abin da ya fi yin tutiya da shi kuwa shayi ne. Kocinsu ya hana kowa shan shayi ko kofi da yamma, amma Gungume yakan zauna bayan magariba ya shanye kofi uku, baƙi wuluk, ya lashe leɓe.

“Ku ne shayi yake hana wa barci,” yakan ce wa yaran kulob. “Ni jinina daban ne. Ko a tukunyar aka jiƙa ni sai na yi minshari.”

Matarsa ce take dafa masa. Tela ce, kekenta yana kusurwar falo kusa da taga, kuma duk tsarin cin gidan a hannunta yake. Abincin dare da wuri take sauke shi, tun rana ba ta gama faɗuwa ba: shinkafa ko dankali, wake, ɗan kifi, ba ta cika mai ba. Bayan shayi ta miƙo masa ayaba da madara mai ɗumi. In ya yi ƙorafi cewa yana marmarin soyayyen nama, ta ce ya bari sai ya yi ritaya. In tafiya ta kama zuwa tsere a wani gari, takan ɗura masa ganyen shayi a wani tsohon gwangwanin madara, ta ce kada ya kuskura ya sha na otal.

Ita kam barci bai san hanyar idonta ba. Yakan bar ta a kan keke, ya farka da asuba ya tarar ta riga ta ɗora ruwa, idanunta sun yi ja. Shi ya sa ya laƙaba mata Mujiya. Da farko ta ji haushin sunan, ta ce wane irin miji ne zai rasa tsuntsun da zai kira matarsa sai wannan. Daga baya ta saba. Kowace safiya, yana ɗaura igiyar takalmi, sai ya ɗaga murya:

“Mujiya, yau ma gadi kika kwana yi?”

“To, in wani zai yi barci ai sai wani ya yi gadi,” takan amsa daga kicin.

Shekara ashirin da ɗoriya suna wannan wasan, har 'yarsu tilo ta girma ta yi aure a wani gari mai nisa. Sai wata rana da la'asar Mujiya ta kifa kai a kan keken ɗinkinta, rigar wata mata tana ƙarƙashin allura. Hawan jini ne, in ji asibiti. Ba ta kwana biyu ba ta cika.

Abin da ya fi ba shi kunya a makonnin farko shi ne ya ci gaba da barci. Maƙwabta suna ta kawo abinci, shi kuma yana dafa shayinsa daga ragowar gwangwanin tafiya, ya kwanta a gefen gadonsa ya yi barci kamar ba a yi mutuwa a gidan ba. Ya riƙa tsanar kansa da safe. Wace irin zuciya ce wannan, mace ta ba ka rayuwarta ka kasa yi mata ko dare ɗaya na rashin barci?

Sai baƙi suka watse, kwanukan maƙwabta suka daina zuwa, gwangwanin ma ya ƙare. Ya je kanti ya sayo sabon ƙunshin ganye, irin wanda yake ganin tana saye. Ya dafa, ya ji ɗaci ya yi yawa, ya ce hannun namiji ke nan, ya ƙara sukari. A satin ne barci ya yi masa ƙaura. Da ya ga haka har wani sanyi ya ji a ransa, ya ce ashe baƙin cikin ne bai iso da wuri ba, yanzu ya zo.

Tukunyar gidan ta koma ta shayi kaɗai. Rana ta wuce bai ci komai ba sai burodi, in yunwa ta ci ƙarfinsa can bayan isha ya fita bakin titi ya sayo soyayyen nama da dankali mai naso da mai a takarda, ya ci a tsaye, ya kora da wani kofin. Ya kwanta ciki yana ƙuna, zuciya tana bugawa kamar yana hawan tudu. Da asuba ya fito atisaye da ƙafafun da ba su huta ba.

Koci mutum ne mai tumbi da usur a wuya, sun yi gudu tare a zamanin ƙuruciya. Ya yi haƙuri wata da watanni, yana kallon agogon hannunsa yana kau da kai. Wata safiya ya ja shi bayan rumfar ajiye kaya.

“Gungume, ni da kai ba ma ɓoye wa juna. Babban tseren ƙarshen shekara gurbi ɗaya ya rage. Na so in ba ka kai tsaye, ka yi bankwana da mutunci, amma yaran nan suna kallo. Za a yi gwaji ƙarshen wata. In ka shigo cikin na gaba, naka ne. In ba haka ba…” Ya murza usur ɗin a hannu. “Ka san dokar kulob.”

Ya sani. Wanda ya kai shekarunsa bai sami gurbi ba, sai ya kwashe kayansa daga akwatin bangon da kulob ya ba shi, ya bar kulob ɗin. Kuma wannan tseren ne Mujiya ta ce za ta rufe keke ta je ta kalla da idonta, ita da ba ta taɓa zuwa ko ɗaya ba, wai ta ga ranar da zai daina gudu ya zauna a gida kamar mutane.

Koci ya tura shi wurin likitar kulob. Mace ce mai natsuwa, ta auna jininsa, ta duba ƙasan idanunsa, ta tambaye shi abin da yake ci. Ya faɗa mata rabi. Ta ce ya dawo da abincin dare da wuri, ya rage mai.

“Shayi fa, ko kofi? Kana sha da yamma?”

A nan tsohon alfaharin ya motsa, har ya ɗan yi murmushi.

“Likita, shekara ashirin ina shan kofi uku bayan magariba. Ki tambayi kowa a kulob ɗin nan me ya sa ake ce mini Gungume. Ba shayi ba ne.”

“Duk da haka, da ka gwada bari na ɗan lokaci.”

“Shi kaɗai ya rage mini daga gidan,” ya ce.

Ta dube shi, ba ta ƙara matsawa ba. Ta ce rashi yana da nauyi, ya ba kansa lokaci. Lokacin ne kuwa ba shi da shi. Ya gyara cin abincin na kwana biyu, ya ga barcin bai dawo ba, ya koma gidan jiya. 'Yarsa tana kira kusan kullum ta ce, “Baba, kana cin abinci? Kana barci?” Shi kuma ya ce, “Lafiya lau, kin manta sunan ubanki?”

Ranar gwaji ya fara da kyau, domin jiki yana tuna abin da ya saba. Ya bi sahun na gaba har suka wuce gadar jirgin ƙasa suka zagaya bayan masana'antar siminti. Daga nan titin ya fara yi masa rawa. Ba numfashi ne ya ƙare ba, ƙafafun ne suka zama na aro. Yaran suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, wasu suna sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Bai tsaya ba, wannan kam ba za a ce ya yi ba. Amma lokacin da ya iso, an riga an fara naɗe igiyar ƙarshe, mai raba ruwa yana tattara robobi.

Koci ya dafa kafaɗarsa kawai. Gungume ya buɗe akwatin bangonsa ya zuba takalma biyu da tawul da man shafawa a jaka, ya bar ɗan makullin a jiki.

Matar koci ce ta buga wa 'yar waya. Bayan kwana biyu sai ga ta da jaka da tsohon ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ubanta, ta kalli takardun mai da suka cika kwandon shara, ta kalli keken ɗinki da ƙura ta rufe.

“Baba, wannan ne lafiya lau ɗin?”

Ya sunkuyar da kai. Ta ajiye mayafi ta shiga kicin. Kafin rana ta faɗi ta sauke shinkafa da wake, ta tsaya a kansa sai da ya ci. Da magariba ta wuce ya ce a ɗora masa shayi, ya biyo ta ya jingina da ƙofar kicin, don zaman falon shi kaɗai ya ishe shi.

Ta zuba ganye, ta bari ya tafasa sosai har ruwan ya yi baƙi. Sai ta tace shi a kofi ta ture gefe, ta sake zuba sabon ruwa a kan ganyen da ya riga ya dahu. A wani ƙaramin kasko kuma ta ƙona sukari har ya yi duhu, ta juye a tukunyar, ta jefa citta.

“Me kike yi haka? Ga shayi kin ajiye, kina dafa mini sauran ganye?”

Hannunta ya tsaya a kan cokali. Ta juyo a hankali.

“Baba… kai yaya kake dafawa?”

“Yadda kowa yake dafawa mana.”

“Ruwan farko kake sha? Duk watannin nan?” Ta dafe baki. “Wayyo Allah. Na ɗauka ta faɗa maka. Wallahi na ɗauka ko a asibiti ta faɗa maka.”

Ta zauna a kan kujerar kicin, ta faɗa masa tana share ido da bakin zane. Farkon aurensa da Mama ba ya barci in tsere ya matso. Mama ta ce shayi ne, ya yi faɗa, ya ƙara kofi ɗaya don ya nuna mata. Daga nan ba ta sake yi masa musu ba. Ta koma tana cire ruwan farko, wanda ya kwashe ƙarfin ganyen, ta ba shi na biyu, ta rufe launin da ƙonannen sukari. Na gwangwanin tafiya ma dafaffen ganye ne, a faranti take shanya shi a bayan kicin in ya fita atisaye.

“Ta ce in ka sani za ka ce an raina jininka, ka koma wa mai ƙarfin. Ta sa na yi mata alkawari.”

Gungume ya dubi kofin da ke gefe, baƙi, yana tururi.

“Wannan fa? Zubarwa take yi?”

'Yar ta kau da kai.

“Ina tambayarki.”

“Ka san Mama ba ta son ɓarna, Baba. Ko ƙyallen da ya faɗo daga almakashi ba ta yarwa. Kuma ta ce in ka ga tana zubarwa za ka tambaya.” Ta dubi kofin. “Ita take shanyewa. Kullum.”

Bai san lokacin da ya zauna a ƙasan kicin ba. 'Yar ta tace na biyun ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya kurɓa. Shi ne. Ɗanɗanon da ya yi watanni yana nema a ƙunshin kanti, ya ɗora laifin a kan hannunsa. Kukan da bai yi ba ranar da aka fitar da ita, shi ya zo masa yanzu, da sauti, kamar na yaro. 'Yarsa ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta riƙe masa kofin kada ya zube.

Ba a ranar barcin ya dawo ba, jiki sai da ya yi 'yan kwanaki yana karɓar abinci a kan lokaci. Amma ya dawo. Wata safiya ya buɗe ido ya ga rana ta haye har kan kabad, motoci suna ta wucewa a titi. A can filin kulob an daɗe da gama atisaye, kuma babu wanda ya jira shi. Jikinsa sakayau, ƙafafun nasa ne, irin waɗanda da ya same su ranar gwaji da yanzu sunansa yana cikin masu tafiya.

Daga kicin ya ji ƙarar murfin tukunya da motsin silifa. Barci bai gama sakinsa ba, bakinsa ya riga hankalinsa.

“Mujiya, yau ma gadi…”

Ya tsaya. Motsin kicin ɗin ma ya tsaya.

Can 'yarsa ta leƙo, ta ce a hankali, “Baba, ka tashi lafiya?”

“Na yi barci,” ya ce, ya juya fuskarsa bango.