Randar Baba Otto

Kaneng ba da gangan ta zubar da tarihin cocinsu ba. Ita dai shara ta je yi.

Saura kwana takwas a yi bikin cika shekara ɗari da hamsin da kafa cocin Lutheran da ke bayan Lanham, zumuntar mata ta sauka ɗakin ƙasa da tsintsiya da bokiti. Kaneng ce shugabarsu, nas ce, shekara goma sha tara tana yaƙi da ƙwayoyin cuta a wannan ƙasa ta Turawa. A wani lungu ta ci karo da randa an danne bakinta da dutse, tana kumfa, tana wari kamar ɓera ya mutu a ciki.

"Kai, Turawa da ƙazanta!" in ji ta. Ta juye randar a shara, ta wanke ta da bilic har sau biyu. Wai fa mai faɗin haka ita ce wadda maƙwabta ke rufe taga duk ranar da ta sa daddawa a miya.

Constance, mataimakiyarta, ta iso a makare. Tana ganin randar a kife ta ɗora hannu a ka.

"Mama, kin kashe mu! Kabejin Baba Otto ne fa!"

Manoma Jamusawa ne, gida goma sha ɗaya, suka sare dajin wurin, suka shuka kabeji da dankali, suka gina cocin tun kafin su gama rumbunansu. Gonakin yanzu wurin ajiye motoci ne da shagon gyaran farce. Jikokinsu sun watse, 'yan Filato da Kaduna suka cika bencina, suka kawo ganga. Mutum ɗaya ya rage, Otto Rehling, mai shekara tamanin da takwas. Kowace shekara yakan yanka kabeji, ya sa gishiri, ya bar shi mako shida yana tsami a randar da kakar kakarsa ta tsallako teku da ita. Ranar bikin shekara-shekara na cocin kowa ya yaba, ya ɗebi cokali guda, ya binne a ƙarƙashin shinkafa, ya lallaɓa kwandon shara. Son tarihi ke nan. Bana kuma ita ce ta ƙarshe, don 'yarsa za ta tafi da shi Ohio bayan biki.

Kaneng ta yi lissafi. Mako shida ba ya shiga cikin kwana takwas, ko da azumi da addu'a. Kuma gara ƙasa ta tsage da ta dubi idon tsohon nan ta ce masa ta zuba aikinsa na ƙarshe a bola. Sai ta garzaya Landover, ta kwaso kwalba goma sha biyu na kabeji mai tsami na kanti, ta juye a randa, ta mayar da dutse. Sannan ta tara mata.

"Kada ya ɗanɗana ko kaɗan. Kowacce ta cika faranti ta cinye tas kafin ya iso tebur. Wadda ta rage, ni da ita."

Ranar Lahadi, Dakta Bartholomew, shugaban kwamitin biki, ya yi minti arba'in yana ba da tarihi. Jamusawa sun samu minti biyu, sauran duka kan yadda shi ya sa aka gyara rufi. Ana cewa amin mata suka far wa randa. Ga ashobi, ga gwaggwaro, ga hawaye, suna haɗiya suna murmushi.

Kafin Baba Otto ya ja sandarsa zuwa tebur, randa ta koma fayau. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sai ya zura yatsa ya lakato ɗan abin da ya maƙale a gefe, ya kai baki. Kaneng ta ji kamar ta nutse.

"Shekara ashirin da shida," ya ce, "tun rasuwar matata ban ga gindin randar nan ranar biki ba. Kullum ni nake kwashe saura in kai gida."

Ya rungumo randar da ƙyar, ya ɗora a hannun Kaneng. Jama'a suka ɗau tafi, Dakta Bartholomew ya yi wuf ya shiga hoto.

"Baba, ban cancanta ba," ta ce. Gaskiyar farko da ta faɗa a makon ke nan.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Na kanti ruwan tsami ya yi masa yawa, 'yata. Kuma randar tana warin bilic. Amma ke kaɗai kika taɓa damuwa har kika yi mini ƙarya. Sai Juma'a zan tafi. Ki zo Talata da kabeji takwas da gishiri."

Kaneng ta tsaya rungume da randa. Ubanta ma manomin kabeji ne a Vom, ya rasu tana nan tana aiki, ba ta taɓa tambayarsa yadda ake komai ba.

"Ƙarfe nawa, Baba?" ta ce.