Shafukan Farko na Mala Mai Wankin Hula

Ranar Alhamis da la'asar, da aka tashi daga aji, Malama Kaosarat ta ce wa Mala ya ɗan dakata. Sauran ɗaliban suka tattara littattafansu suka fice, shi kuma ya koma kan benci ya zauna, yana kallon ƙofa. Huluna arba'in ya bari a rumfarsa ta Fagge suna jiran sitaci, gobe kuma Juma'a.

Ajin yaƙi da jahilci ne na manya, a wani ɗaki da ke bayan shagunan kayan mota a Sabon Gari. Wata tara ke nan Mala yana zuwa, yana da shekara hamsin da takwas. Tun ranar farko aka gaya musu babu jarrabawar rana ɗaya. An buɗe wa kowa jaka a cikin wayarsa, duk mako ya ɗauki hoton abin da ya rubuta ya ɗora a ciki. A ƙarshen shekara mai dubawa zai zo ya buɗe jakar, ya ga inda mutum ya taso da inda ya iso, sannan ya sa hannu a wuce da shi aji na biyu.

Malama Kaosarat ta juyo masa da kwamfutarta.

"Baba Mala, ina aikinka na watannin farko?"

"Ga shi nan a gabanki, Malama."

"Wannan ba shi ba ne. Ni na koya maka riƙe fensir. A watan farko layi ɗaya kake yi ya cinye rabin shafi. Wannan kuwa rubutu ne kamar na akawun kotu."

Mala ya gyara zama. Ya ce bayan babbar sallah ya buɗe jakar ya duba daga farko, sai ya ji kunya ta rufe shi. Duk ƙazanta ce, ga gogewa, ga karce, har da inda fensir ya huda takarda. Sai ya sayi sabon littafi, ya zauna mako guda ya sake rubuta kowane darasi tsaf, ya ɗauki hotuna ya ɗora, ya goge na da.

"Malama, shekara talatin da ɗaya ina wankin hula. Ban taɓa miƙa wa mutum hularsa da tabo a jiki ba. Baƙo zai zo duba aikina, in ajiye masa datti?"

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Baba, dattin shi ne abin da zai zo gani! Jibi Asabar ƙarfe goma mai dubawa, Mista Uchenna, zai zo. In ya ga mutum ya fara da irin wannan rubutu, kuma hotunan wata shida duk a mako ɗaya aka ɗora su, abu biyu zai ce. Ko wani ke rubuta maka, ko da ma ka iya. Ko wanne ya ce, ba zai sa hannu ba. Sai ka sake zama da sababbin shiga, daga a, ba, ca."

Ta karɓi wayarsa ta yi ta lalube, ta ce abin da aka goge yakan zauna kwana talatin kafin ya tafi gaba ɗaya, nasa kuwa ya haura wata biyu. Ta tambaye shi tsohon littafin.

Mala ya ce ya yayyage shi. Yakan sa takarda tsakanin hula da hula idan ya jera su a leda, don kada sitacin ya manne. A makon nan jaridar da yake amfani da ita ta ƙare, sai ya ga ga littafin da ba shi da sauran amfani.

"To, ke nan shafukan suna gidajen mutane," in ji ta. "Je ka nemo ko biyar ne. Akwai jan birona a jiki da kwanan wata."

Ya fito ya bi titi da ƙafa, bai ma tsayar da adaidaita sahu ba. Wata tara ke nan ba wanda ya san inda yake zuwa da la'asar sai matarsa. In aka tambaya, yakan ce ya leƙa Sabon Gari neman sitaci mai kyau. Mutanen da yake wa wanki sun ɗauka ya iya karatu tun tuni, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Yanzu sai ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar takardar da ya cusa musu a hula wata biyu da suka wuce. Ya tsaya a bakin hanya kusa da wani bango da aka lulluɓe da hotunan 'yan takara, ya ce a ransa ya haƙura da ajin. Da ya iso kwanar Fagge ya sake shawara. Kafin ya kai rumfa ya sake komawa ta farko.

Da safiyar Juma'a dai ya tashi da niyyar nemo shafukan. Ya gama sitaci da wuri, ya kafa hulunan a kan katakansu ya jera a rana, ya roƙi maƙwabcinsa tela ya sa musu ido. Ya fara da unguwar Kwaciri, gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Maigidan ba ya nan, matarsa Hajja ta yi masa magana daga bayan ƙofa.

"Takarda kuma, Malam Mala? Wace iri?"

"Wadda nake sa wa a tsakanin huluna."

"Ayya, ai da ita nake hura gawayi. Tana kamawa da kyau. In akwai wata ka ƙara mana."

Gida na biyu sun tashi. Na uku aka ce a dawo bayan masallaci. A na huɗu maigidan ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko lafiya yake. Mala ya ce lafiya lau, ya juya. Rana ta fara zafi, yana ta duba agogon waya, yana tuna hulunan da masu su za su fara zuwa karɓa tun sha ɗaya. Sau biyu ya nufi rumfa, sau biyu ya fasa.

Daga ƙarshe ya hau adaidaita sahu zuwa Kasuwar Singa. Akwai Alhaji Moshood, mai sarin taliya da man gyaɗa, haifaffen Fagge ne, shekara ashirin Mala na wanke masa hula. A shago yake ajiye hulunansa, domin daga nan yake wucewa masallaci, kuma kowa ya san ba ya yar da komai, ko igiyar kwali ce.

"A'a, Babarbare da kansa a Singa ranar Juma'a! Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Alhaji. Wata 'yar takarda nake nema."

Alhaji Moshood ya saurari bayanin da Mala ya yi rabi da rabi, ya taka buhu ya sauko da wani kwali daga saman kanta. Ga huluna a jere, ga takardu a tsakaninsu. Yawanci jarida ce. Amma ya zaro ɗaya mai layi-layi, sannan wata, har huɗu. Ya sa tabarau ya ɗaga ɗaya sama ya fashe da dariya.

"Kai, wannan wane jikan naka ne? Kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan littafin? Dubi malamar ma ta gaji, jan biro har ya fi rubutun yawa. Ka ce masa ya koma tallan rake, boko ba nasa ba ne."

Masu dako biyu da ke sauke kaya suka tsaya suna dariya. Mala ya miƙa hannu, Alhaji Moshood ya janye takardar yana ƙara dubawa.

"Ni ne," in ji Mala.

"Kai ne me?"

"Ni na rubuta. Wata tara ke nan ina zuwa makaranta a Sabon Gari."

Alhaji Moshood ya cire tabarau. Ya dubi takardar, ya dubi Mala.

"Tsaya. Duk shekarun nan da nake rubuto maka wace hula za a fara wankewa, kana karɓa kana gyaɗa kai?"

"Tela nake kai wa ya karanta mini."

"Shi ya sa ranar da tela ya tafi Umara ka wanke mini baƙar maimakon farar! Na yi ta cewa Mala ya fara tsufa." Ya sake yin dariya, amma wannan karon ya jawo kujera ya tura masa. "Zauna. Guda nawa kake so?"

"Malama ta ce ko biyar."

"Biyar me? A layin nan kaɗai mutum nawa kake wa wanki?"

Kafin Mala ya hana shi, ya fita bakin shago yana ƙwala wa maƙwabta kira, kowa ya duba ledar hularsa, Mala na neman takardun makarantarsa. Mala ya zauna a kan kujera, kansa a ƙasa, yana jin maganar tana tafiya daga shago zuwa shago. Wani ya leƙo ya ce, "Ɗan makaranta, ina jakarka da kwalbar ruwa?" Wani ya ajiye masa shafi biyu a cinya ya wuce. Kafin kiran salla ya tara takardu tara. Ɗaya ta sha man gyaɗa har ana ganin hannu ta bayanta. A kan hanyar komawa ya tsaya ya ciro ta zai yar, ya riƙe ta a bakin kwata na ɗan lokaci, sannan ya mayar aljihu.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara yana bakin aji. Malama Kaosarat ta shimfiɗa shafukan a kan tebur, ta jera su bisa kwanan wata, ta sa shi ya ɗauki hotonsu da kansa ya ɗora. Da ya zo kan mai man gyaɗan ya ɗago ya dube ta. Ta ce, "Har ita."

Mista Uchenna dogo ne mai furfura, Hausarsa ta 'yan Sabon Gari. Ya duba na mutum shida kafin ya zo kan Mala. Ya daɗe yana matsa kwamfuta gaba da baya, Malama ta tsaya gefe ta yi masa bayani. Da ta gama, ya ɗauki shafi mafi tsufa ya miƙa wa Mala.

"Baba, karanta mini wannan."

Mala ya kawo takardar kusa da ido, ya nisantar, ya karkata ta wajen taga. Ya gane sunansa a sama, domin Malama ce ta rubuta. Sauran kuwa ya yi ta bi da yatsa, gumi na sauko masa daga ƙarƙashin hula.

"Yallaɓai, wallahi ban san me na rubuta a nan ba."

Wata ɗaliba a baya ta tuntsire da dariya, aka tsawatar mata. Mista Uchenna ya juya bayan takardar, ya ba shi biro, ya ce ya rubuta inda ya samo ta da wanda ya ba shi. Mala ya karɓi biron. Ya rubuta layi uku, a na biyu biron ya zame ya yi dogon karce. Ya miƙa hannu zai yage gefen ya sake, Mista Uchenna ya dafe takardar da tafin hannu.

Ya ajiye shafin kusa da sauran takwas, ya yi ta kallonsu, ya juya mafi tsufan gaba da baya sau biyu. Ya ce watanni uku na tsakiya babu komai, kuma dole ya rubuta haka a rahotonsa. Mala ya ce to. Mista Uchenna ya jawo takardar sunaye, ya bi da biro har ya zo layi na bakwai, ya sa hannu.

"Aji na biyu ranar Litinin ta sama, Baba. Malama, ki cire masa ikon goge abu a jakar nan."

Mala ya tattara shafukansa tara ya ninke su ya sa a aljihun gaba. Ya tambayi Malama ƙarfe nawa ake shiga na biyun. Ta ce huɗu, kamar na da.