Mangwaron Walimar Alhaji

A Babban Mutum, in ana zancen nunar da mangwaro, sunan Inna Shatu ake kira. Tana taɓa ɗanye ta san ko ya ƙosa, ta goge ruwan da ke tsattsafowa a gindinsa, ta binne shi cikin ƙaiƙayin gero a tsohuwar randa. Kwana biyar, ba ta buɗewa ko don leƙe. Kowace shekara autanta Hafizu ne ke sauke mata kwando a ƙofar ɗaki.

Sai ga shi bana ya raba kwandon biyu! Rabi nata, rabi na amaryarsa Khairunnisa, 'yar Dutsi, wai ita ma ta iya.

"Ta iya me?" in ji Shatu.

"A kwali take jerawa, Inna, ta sa nunanniyar ayaba a tsakiya. Kwana uku ya nuna."

Ayaba! Shatu ta taɓe baki. Kishi ne tsagwaronsa, ta kuma san kishi ne. Yau rabin kwando, baɗi kuma ya wuce ƙofarta da shi gaba ɗaya.

Ga shi mijinta Malam Lawal na hanyar dawowa daga aikin hajji, saura kwana uku walima. Tun da aka ƙaddamar da shari'a aka daina kiran makaɗa a taro, abin da aka ci shi ne hirar gari har mako. Randa kuwa kwana biyar take so. Shatu ta rantse ba za a fitar da na yarinyar nan a bar nata ba.

Ta tone mangwaronta daga ƙaiƙayi, ta ɗure a baƙar leda, ta ƙulle bakin tamau, ta ɗora kan kwanon rufin kicin ya sha rana. Ita da ke yi wa maƙwabta faɗa in sun yi haka!

Ranar walima da hantsi ta kwance ledar. Wani tsami ya buge ta. Ɓawon ya yi rawaya, cikin ya dahu ya yi ruwa, wasu har sun fashe. Tana tsugune a kansu Khairunnisa ta yi sallama, ta durƙusa, ta ga komai. Ta ɗauki babbar ƙwaryar Shatu mai zane, wadda duk unguwa ta sani, ta fita da ita wayam, ta nufi inda kwalinta yake.

Shatu na ɗaki tana jiyo zaure. Wannan ya ce a miƙo masa wani, wancan ya ce Allah ya yi wa hannun Shatu albarka. Kowace addu'a sai ta ji kamar an yarfa mata ruwan zafi.

Bayan la'asar Hafizu ya shigo da ƙwaryar wayam, yana lasar yatsa.

"Inna, kin ga ko ɗaya bai rage ba. Ita waccan kunya ta hana ta fito da nata, na ce gara haka." Ya yi dariya. "Amma me kika ƙara bana? Wallahi tun da nake shan na randarki, ban taɓa shan mai zaƙin wannan ba."

Shatu ta karɓi ƙwaryar ta kife. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, kanta ke ciwo.