Gonar Cittar da Ta Kai Levi Kaduna

A zamanin da nake ba ku labari, jirgin ƙasa bai daina tsayawa a Kafanchan ba. Ina da rumfar kwano da ƙusa da fenti a kasuwa, kuma duk cikin masu sayayya babu mai wahalar da ni kamar Levi. Sai ya ɗauki kan famfo ya jujjuya, ya hura, ya kara a kunne, sannan ya ce, "Misbahu, wannan kaya naka ba shi da gaskiya." Kullum ina cewa gobe zan kore shi, har muka zama aminai.

Levi ne ke kula da masaukin baƙi na wata mishan a bayan tasha, tsohon ginin dutse mai baranda, mangwaro ya yi masa rumfa. Mahaifinsa ya yi aikin kuku a wurin, kuma a nan aka binne cibiyar Levi. Ruwa da wuta da rufi, masu wanki da mai gadi, duk a wuyansa suke. In na rufe rumfa da la'asar sai in biya, matarsa Afiniki ta kawo mana kunun acca, mu zauna muna jin kukan jirgin Fatakwal. Wallahi har yau ina kewar yammacin nan.

Bayan rikicin tamanin da bakwai ya lafa, kwamitin mishan ya ce ba za a ƙara barin gida a hannun wanda ba shi da takardar aikin ba. Aka ba Levi dama ya je Kaduna ya karanto kula da gine-gine. Karatun hawa uku ne. Satifiket na 'yan watanni ya isa a tabbatar masa da kujerarsa. Difloma ta masu zagayen duba gidaje da yawa ce. Babbar difloma kuwa shekaru take ci, kuma ta masu zama a ofis ce suna tsara wa wasu aiki.

"Ƙaramin ya ishe ni," in ji shi. "Gida ɗaya nake so, kuma ga shi nan."

Na ce, "Daidai ruwa daidai tsaki, mutumina."

Sai ya tafi Fadan Kagoma, garin iyayensa, neman addu'a a majami'a. Fasto ya tashi ya sanar cewa ɗansu zai tafi babban karatu. Shi ke nan, magana ta fita daga hannun mai ita. Kafin ruwan farko ya kama ƙasa dattawa sun kira gayya. Maza suka yi kaftu, zumuntar mata ta shuka citta gona guda, aka lulluɓe ta da ciyawa, duk da sunan karatun Levi. Babu wanda ya tambaye shi hawan da yake so. A wurinsu kuwa, in gari ya yi maka gayya, ba ka da bakin cewa ta yi yawa.

Na goya shi a babur muka je ya yi musu bayani. Baba Kumai, ƙanen mahaifinsa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna gonar da sandarsa.

"Levi, ka ga wannan gona? Tsofaffin mata ne ya durƙusa a ciki. Kai kana so ka kawo masu satifiket kamar na kafinta? Garin nan ba shi da mai babban difloma ko ɗaya. Kai ne Ubangiji ya ba mu."

"Baba, aiki nawa bai buƙaci babba ba."

"Aiki naka zai jira ka."

Bakina ya yi ƙaiƙayi, amma ni baƙo ne, ga shi an riga an cika mini ciki da doya. Levi ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba."

Aiki bai jira shi ba. Kwamiti ya yi haƙuri iya haƙuri, da shekaru suka miƙa sai aka ɗauko wani Silvanus daga Gidan Waya, mai satifiket, aka danƙa masa makullai. Levi ya gama da sakamako mai kyau, aka yi kiɗa da rawa a Fadan Kagoma. Mishan ma ta yi alfahari da shi, ta ba shi ofis a Kaduna mai fanka da labule. Ya roƙi a mayar da shi Kafanchan, aka ce takardarsa ta fi ƙarfin kujerar. Ranar da Afiniki ta kwashe tukwanenta raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi fushi da shi. Wa zai kai ƙarar mutanen da suka yi masa alheri?

A daminar casa'in da shida Levi ya zo duba gine-gine, aka sauke shi a ɗakin manyan baƙi na tsohon masaukinsa. Na same shi da rana, ya yi ƙiba, da kwat da takalmi sau-ciki. Muna cikin gaisawa ruwa ya tsuge, irin na Kafanchan da ba ya sallama. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya fara bin bango. Kafin in ƙifta ido Levi ya tuɓe kwat, ya naɗe wando, ya ciro tsani daga bayan kicin.

Silvanus ya sheƙo da gudu ya riƙe tsanin da hannu biyu.

"Haba Oga, Allah ya sawwaƙe! Baƙo ba ya hawa rufi a gidana. Ka zauna, ni zan yi."

Da ladabi ya faɗa, yana murmushi, kuma gaskiyarsa ce. Levi ya saki tsanin a hankali, ya dawo ya zauna kusa da ni, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ya daɗe yana kallon Silvanus a kan rufi, sannan ya ce, "Misbahu, ka ji ko? Gidansa."