Ƙafafun Kwali

Malam Lukuman tela ba ya musun wannan, in hira ta yi daɗi ma shi yake fara tona kansa. Shekara talatin da ɗoriya yana auna mutanen Gwarzo. Ya san faɗin kafaɗar limamin unguwarsu, ya san waɗanda tumbinsu ke ƙaruwa duk sallah suna rantsuwa yadi ne ke motsewa. Amma ko sau ɗaya bai taɓa yarda an auna ƙafarsa ba, saboda kunyarta yake ji. Ƙafa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, 'yan yatsun kowanne ya kama gabansa kamar 'yan'uwan da aka raba wa gado aka tashi baram-baram. Don haka ba ya tsayawa a kasuwa ya gwada takalmi. In yana son sabo sai ya shige ɗaki, ya zari tsinken tsintsiya, ya ɗora daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya karya, ya ba duk mai shiga kasuwa. Silifas kuwa ba ya gardama da kowa, inda ƙafa ta ga dama nan take zubowa.

Haka aka zauna lafiya har ciwon suga ya same shi. Sannu a hankali ƙafar ta daina kawo masa labari. Akwai ranar da ya taka fil a shago, ya tafi masallaci da shi, ya dawo da shi, sai matarsa Uwaliya ce ta hango abin yana ƙyalli a dunduniyarsa.

Daga nan 'yarsa ta uku, Kamila, wadda take aikin jinya a wani ƙaramin asibiti ta wajen Kabo, ta kafa doka: babu shi babu shiga fadama ƙafa tsirara. Fadamar kuwa ita ce ransa. Wani ɗan fili ne a ƙauyen Kara da ya gada wurin mahaifinsu, inda yake dasa shinkafa. Duk damina yakan rufe shago kwana uku, ya bar masu ɗinki suna zarya, ya tafi ya shiga laka. Shi kansa ya san ba wani gwanin noma ba ne, hannun allura gare shi. Amma nan ne kaɗai wurin da ba wanda zai dawo masa da aiki ya ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Baba, abu biyu ne," in ji Kamila. "Ko a sami takalmin ruwa da na yarda da shi, ko bana Baba Mudassir ya yi dashen, kai ka zauna a inuwa."

Mudassir ƙanensa ne, manomi na gaske, a Karar yake zaune. Abin da ya fi ba Malam Lukuman haushi shi ne Mudassir ba ya ma kwaɗayin filin, balle mutum ya sami wanda zai yi fushi da shi.

Malam Lukuman ya yi abin da ya saba. Ya karya tsinke, ya ba wani maƙwabcinsa direba da zai shiga Kano. Da yamma sai ga rambut, takalmin ruwa na roba, baƙi wuluk yana sheƙi. Ya cusa ƙafa da ƙyar, ya zaga tsakar gida sau biyu, ya ce, "Kamar don ni aka yi." Washegari da shi ya wuni a shago yana taka keke, rana na ƙwallewa, masu wucewa na tambayarsa ko gwamnati ta ɗauke shi malamin gona ne.

Ranar Asabar Kamila ta zo gida. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce a miƙo mata safar da ya sa. Ta juya ta, ta nuna masa wani ɗigon jini da ya bushe ta gefen ƙaramin yatsa. Sannan ta durƙusa ta kama ƙafar. Bororo ne ya tashi, ya fashe, shi bai ma sani ba.

"Baba, da ka sa bai matse ka ba?"

"Ban ji ba."

"To ai ba za ka ji ba. Shi ya sa nake ta magana. Wa ya auna ka?"

Ya juya yana kallon kajin gidan. Uwaliya ce ta amsa daga bakin murhu, "Tsintsiyata ce ta auna shi. Har ta fara ƙarewa."

Kamila ba ta yi dariya ba. Ta wanke ciwon, ta rufe, ta ce ta ga irin wannan ɗan bororo ya kai mutum ga rasa yatsa, ta ga wanda ya wuce yatsa. Saura mako uku a fara dashe. In ciwon ya warke, kuma aka kawo takalmin da ta gamsu da shi, to. In ba haka ba, maganar ta ƙare.

Kwana goma ya yi yana ɗingishin dole da ƙafar da ba ta masa zafi. Ciwon dai Allah ya taimaka ya kame. Saura takalmi. Ya zauna yana lissafin ko ya ƙara wa tsinken ɗan tsawo ne, sai ga Uwaliya bayan la'asar da fallen kwalin taliya, da allinsa na ɗinki, da kuma almakashinsa na yadi, wanda duk gidan an san ko takarda aka yanka da shi sai an kwana ana jin wa'azi.

"Malam, hau nan."

"In hau in yi me?"

"Kai da kake yanka kwali ka fitar da wuyan riga. Tsinke tsawo kawai ya sani. Taka matsalar ai ba ta tsawo ba ce, ta faɗi ce. Sa safa mai kauri, Kamila ta ce da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta."

Ya hau ya tsaya. Ta durƙusa ta zaga kowace ƙafa da alli, tana cewa ya daina naɗe yatsu, ba baƙuwa ba ce ita. Ta kama yanka. Duk ƙaras ɗin da almakashin ya yi a jikin kwali sai ya ji shi har cikin haƙoransa. Da ta gama ta ɗaga su sama. Ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ganin ƙafarsa daga nesa ba. Ta dama ma ta ɗan fi ta hagu.

"Madalla," in ji shi. "Gobe sai a ba direba."

"Direba ya huta. Kwali zai je, mai kwali ma zai je."

Bai yi gardama ba, amma ya yi dabara: ya ce Kabo za shi, wai an fi kawo masu kyau can. Gaskiyar magana a Gwarzo rabin kasuwa shi ya ɗinka musu rigunan da ke jikinsu. Ranar kasuwa ya naɗe kwalayen a baƙar leda, ya cusa a ƙarƙashin babbar riga, ya hau mota.

Aka nuna masa rumfar wani Mahbub, wani dogo mai faɗin baki da ke sayar wa mahauta da masu buga bulo da masu kiwon kifi takalma. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ruwan bana. Sannan Malam Lukuman ya waiga hagu da dama, ya zaro ledar, ya miƙa kamar mai ba da kayan sata.

Mahbub ya buɗe, ya ɗaga kwali ɗaya sama inda kowa zai gani.

"Baba, wannan ƙafa ce ko mafici?"

"Ta wani abokina ce."

"Allah sarki. Ga shi kuwa abokin naka ya aro maka irinta ka zo da ita." Ya nuna ƙasa da haɓa. "Zauna, Baba. Wallahi duk wanda ya yi wannan dabarar ya fi ni sanin sana'ata. Wa ya yi?"

"Uwargida."

"Ka riƙe ta da kyau."

Ya jawo wani baƙi mai sheƙi irin na farko, ya zura kwalin ciki, ya zaro. Gefensa ya fito a lanƙwashe. Ya nuna masa. "Ka ga abin da ya faru da kwali? Haka zai yi wa nama." Ya ce irin wannan ma ko ya shiga, wata biyu zai tsage daga inda ƙafa ke karyawa. Malam Lukuman ya nuna wani ƙato mai ƙarfe a baki, don ya ga alamar shi ne na manya. Mahbub ya ce na masu gini ne, in ya shiga fadama da shi sai dai a dasa shinkafar a kewaye shi. Wani fari kuwa ya ce na mahauta ne, a kan siminti yake aiki, laka ba ta san shi ba.

Sun gwada bakwai, duk kwali na fitowa da rauni. Na farkon ma har ya fara laushi. Malam Lukuman ya soma ganin kansa a gindin mangwaro yana miƙa wa Mudassir ruwa. Sai Mahbub ya shige can ƙuryar rumfa, ya dinga jifa da buhuna, ya fito da wani kore duk ƙura, mummuna, bakinsa kamar na kwaɗo.

"Wannan shekararsa biyu a nan. Ba wanda ya taɓa cika shi."

Ya zura kwalin dama, ya zaro. Lafiya lau, ko gefe bai taɓu ba. Na hagu ma haka.

"Alhamdu lillahi. Naɗe min."

"A'a, Baba. Kwali ya ci jarrabawa, saura kai. Tuɓe."

Nan fa ake yinta. Ga masu tsire, ga masu kayan miya, ga mata na wucewa. Malam Lukuman ya ce suga gare shi, ko ya sa ba zai ji komai ba, gwadawar ba ta da amfani. Mahbub ya ce mahaifinsa ma da suga ya rayu, shi ya sa ba zai bar shi ya tafi haka ba. "Kai ba ka ji, ni ina ji. Ara min ƙafar."

Malam Lukuman ya yi bisimilla ya zare silifas. Ya jira kasuwa ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Wani tsoho ya matso, ya sunkuyo, gaban Malam Lukuman ya faɗi, ashe igiyar da ke rataye kusa da gwiwarsa tsohon yake son tayawa.

"Wannan kake ɓoyo?" in ji Mahbub. "Baba, ni da nake ganin ƙafar masu haƙar rijiya? Taka ai amarya ce."

Ya fara zura hannunsa cikin takalmin har gwiwar hannu yana laluben ko akwai tudu ko kaifin roba. Ya sa masa safa, ya sa takalmin, ya dinga danna babban yatsansa ta gefe da gefe da sama, yana kallon rufin rumfa kamar mai sauraron wani abu. Ya sa shi ya taka har wurin masu gishiri ya dawo. Ya tsoma shi a bokitin ruwa. Ya cire, ya duba fatar ko ta yi ja. Sannan ya yi masa karatu: kullum da safe ya kife takalmin ya girgiza saboda kunama, don ita ma ba zai ji ta ba sai ta gama. Duk azahar ya cire, ya goge, ya duba da ido. In laka ta riƙe shi kada ya fizga, ya ɗaga dunduniya tukuna, ya murɗa.

Da ta zo gida, Kamila ta juya takalmin ta sake juyawa, ta zura hannu, ta zura kwali da kanta. Ta ce, "Wuni ɗaya. In na ga ko ɗigon ja, shi ke nan."

Ranar dashe ta zo Kara da lema, ta zauna a bakin fadama kamar alƙali. Mudassir da mutanensa tuni sun yi nisa, ƙafa tsirara, suna tafe da baya suna soka iri. Malam Lukuman ya karɓi damin irinsa, ya yi addu'a, ya jefa ƙafa. Laka ta karɓe shi da wani irin sauti. Taku na uku ta riƙe. Ya manta karatun Mahbub ya fizga, saura ƙiris ya zauna, Mudassir ya taro shi ta hammata.

"Yaya, a hankali. Dunduniya tukuna."

"Na sani. Gwada ta nake."

Daga nan ya gane kan abin. Ɗaga, murɗa, taka. Ya sunkuya ya soka iri, warin laka ya cika masa hanci, bayansa ya fara ciwon nan da ya yi shekara yana kewa. In ya ga kamar zai tangaɗe sai ya yi gefe, ya yi baya, ya sake samun tsayuwa, ya ci gaba. Mutanen Mudassir suna ta yi masa sannu, suna kallon juna.

Da aka kira azahar ya fito ya zauna a kan tabarma. Kamila ta zare takalmin, ta zare safar, ta ɗaga ƙafar zuwa haske. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa tsakaninsu, ta shafa dunduniya.

"A bushe take," in ji ta. Ta ajiye ƙafar. "Gobe ma ka zo. Amma kullum sai Inna ta duba."

Bai san sanda idonsa ya kawo ruwa ba, ya ce gumi ne. Ya ɗaga hannu ya shiga godiya. Ya gode wa Allah da ya bar masa ƙafar, faɗinta da komai. Ya sa wa Kamila albarka har ta sunkuyar da kai. Ya roƙa wa Uwaliya Aljanna, ya yafe mata almakashi duniya da lahira. Ya roƙa wa Mahbub kasuwa, ya roƙa wa mahaifin Mahbub ɗin rahama. Har wanda ya ƙera koren takalmin, ko wane ne shi, ko a wace ƙasa, ya ce Allah ya shirye shi ya saka masa, don da gani ya san akwai bayin Allah irinsa a duniya. Ya juyo ga ƙanensa ya ce, "Kai kuma ka huta, bana ma ba sai na ɗora maka ba."

Mudassir ya ce, "Amin, Yaya. Sannu da ƙoƙari. Ku yi gaba, zan ɗan duba wani abu."

Ya ɗauki sabon damin iri ya koma cikin laka. Layi huɗu Malam Lukuman ya dasa a ranar. Waɗanda ya tattake, bakwai ne.