Waƙafi Mai Ruwa a Katin Desmond

Yayata Stamatia ta faɗo shagona da safe, hannunta duk garin fulawa, tana kaɗa wani kati kamar za ta kashe ƙuda da shi.

"Fotini, karanta! Karanta ki ga rainin wayo!"

Katin daga Desmond ne, Baturen Ingila da ya sayi tsohon gidan matse zaitun a bayan cocinmu. Shekara biyu yana sayen burodin Yaya mai alayyafo da cuku kullum, alhali duk ƙauyen an san alayyafo ba ya yi masa. Ita kuwa tun rasuwar mijinta ba wanda ya ga ta shafa jan-baki, sai da ya zo.

Turancinmu na masu ba baƙi hayar ɗaki ne, amma na iya haɗa layin. Ya ce: Ke ce matar da nake so;

"Kin ga ƙarshen?" in ji ta. "Tambayata yake yi! Wai ni ce matar da yake so? To wa zai sani, akuyar maƙwabcinmu Manolis?"

Ni ma na ga alamar tambaya ƙuru-ƙuru, ɗigo a sama, waƙafi a ƙasa, irin tamu ta Girkanci da aka koya mana tun muna aji ɗaya. Na rufe shago, muka gangara dandali, Yaya tana rantsuwa sai ta juye wa Desmond tiren burodi a ka.

Malam Lefteris, wanda ya koyar da Turanci shekara talatin kafin ya yi ritaya, yana shan kofi a gindin bishiya. Ya gyara tabarau, ya duba katin, sai dariya ta sarƙe shi har kofi ya biyo hanci.

"Haba Stamatia! A Girkanci ne wannan take tambaya. Su Ingilishi tasu mai lanƙwasa ce kamar ƙugiya. Wannan a wurinsu waƙafi mai ruwa ce. Nufinta, tsaya in ja numfashi, ban gama ba."

"To ina sauran?"

"Kin juya katin?"

Ba ta juya ba. Na fizge na juya, Malam ya karanta da ƙarfi, duk masu wasan lido suka ɗago kai: "saboda haka ki aure ni."

Dandali ya kaure da ihu. Yaya ta zauna daɓas a kujerar wani, ta rufe fuska da hannu, ta ɗago fuskar ta yi fari fat da fulawa, tana dariya tana hawaye. Can sai ta karɓe katin ta ƙura masa ido.

"Malam, wannan na ƙarshen fa?"

"Aya ce. Magana ta ƙare."

"Au! Nan da ya kamata ya tambaye ni, bai tambaya ba? Umarni yake ba ni?"

Ta miƙe ta nufi hawa zuwa gidan Desmond, mu kusan ashirin a bayanta, har da limamin coci yana tattare riga. Muka tarar da Desmond a kan tsani yana fentin taga. Ta sa shi ya sauko ya yi tambayar da bakinsa, cikin gurɓataccen Girkancinsa. Garin rawar baki ya tambaye ta ko za ta auri kanta. Ta ce ta ji, ta yarda da shi ɗin.

An ɗaura auren bayan girbin zaitun. Na yi rawa har sai da dunduniyar takalmina ɗaya ta karye, na ƙarasa bikin ba takalmi.